Kwalba Mai Jan Zare

Tun da sassafe jakar take buɗe a kan gadon Umma. Baƙar jakar goyo ce, wadda na yi makarantar sakandare da ita, zif ɗin aljihun gefe ya daɗe da mutuwa. Umma ta zazzage ta, ta kakkaɓe ɓurɓushin biskit da ya kwana biyu a ciki, sannan ta fara jera kaya a kan zanin gado. Ba ta sa abu a jaka sai ta fara ganinsa a fili da idonta.

Ranar ce za mu kai Auta gidan wasa, wannan babban na bayan gari mai liluka da jirgin ƙasa da ke hawa sama ya gangaro da gudu. Shekarar Auta tara, bai taɓa zuwa ba. Maƙwabciyarmu, Maman 'Yan Biyu, ita ta kawo maganar, ta ce mijinta zai sauke mu a kan hanyarsa ta zuwa aiki, ya dawo ya ɗauke mu da yamma. 'Yan biyun nata, mace da namiji, su kaɗai ne abokan Auta a duk layinmu. A ɗakinsu yake wuni, a kwanonsu yake ci.

Auta yana da farfaɗiya. Na rubuta kalmar a fili ne saboda a gidanmu ba a faɗarta. A gidanmu sunanta "abin nan". Maganinsa na ruwa ne, safe da tsakar rana da dare, kuma likita ya ja mana kunne cewa ba a tsallakewa. Tun da aka daidaita masa shi bai ƙara faɗuwa ba. Na safe da na dare babu matsala, a gida ake sha, ƙofa a rufe. Na rana shi ne damuwar Umma, don haka ta ƙirƙiro dabararta. Takan auna maganin ta zuba a kwalbar lemo, ta girgiza, ta ɗaura jan zare a wuyan kwalbar don kada ta ɓace a cikin sauran. Haka Auta yake tafiya da ita makaranta kullum. Malamansa sun ɗauka yaro ne mai son lemo.

Na shigo ɗakin na tarar ta jera hula, ƙaramin tawul, tishu, ayaba, biskit, laima, da man shafawa saboda rana. Ga riga da wando na canji an naɗe a gefe.

"Ko zai jiƙe a wajen wasan ruwa," in ji ta, ba tare da na tambaya ba.

Ni da ita mun san dalilin wandon. Idan abin ya zo masa, fitsari yakan kuɓuce masa. Na je kabad na ɗauko maganin a cikin kwalinsa, da ɗan kofin awo, da katin asibiti, na ajiye su a tsakiyar gadon kusa da ayabar.

Umma ta dube su kamar na ajiye mata kunama.

"Wannan fa?"

"Maganinsa ne, Umma."

"Na sani ai, ba yau na fara ganinsa ba. Me yake yi a nan?"

"Jaka zai shiga."

Ta ɗauki kwalin da yatsu biyu ta miƙo mini. "Mayar da shi, Likita. Na riga na haɗa na rana." Ta nuna kwalaben lemo da ke jere a kan tebur, ɗaya da jan zare a wuya.

Likita take ce mini tun da na shiga makarantar koyon aikin jinya. Wani lokaci da alfahari take faɗa, wani lokaci kuma don ta nuna mini na fiye zaƙewa. Na ranar nan na biyun ne.

"Umma, wuni guda za mu yi a rana. Idan bai shanye ba, ba mu san nawa ya shiga cikinsa ba. Idan kwalbar ta zube fa? Idan wani yaro ya ɗauka ya sha fa?"

"Shekara nawa ina yi, wa ya taɓa sha?"

"Idan ya faɗi a can, aka tambaye mu me yake sha, me za mu nuna? Zare?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Da sassafen nan?"

"Ba fata nake masa ba. Tambaya na yi."

Ta ci gaba da cusa tawul a ƙasan jakar. "An ce a ƙofar wurin ana buɗe jakar kowa, a baje kaya a kan tebur. Kina so a baje wannan kwalin a gaban matar nan? Ta iya karatu fa. Ko ba ta gane sunan ba, katin asibitin zai gaya mata."

"To ta sani mana! Sata ya yi?"

Umma ta bar jakar ta juyo. Ta rage murya saboda Auta yana tsakar gida yana goge takalminsa yana waƙa.

"Ke kina makarantar kwana lokacin da ya faɗi a tsohon gidanmu. Ba ki gani ba, ni na gani. Yana ƙasa yana karkarwa, mata suna janye 'ya'yansu kamar wuta ta kama. Ba wadda ta miƙo mini ko tsumma. Washegari na tarar an ware mana kofi a bakin famfo. Yaron nan ya yi wata da watanni yana leƙen yara ta taga. Me kike zato ya sa muka tashi? Yanzu ya samu waɗanda ke kiran sunansa tun daga bakin ƙofa, ke kuma kina so ki rusa saboda an koya miki abu a littafi."

"Jahilcinsu ne, Umma. Ba a ɗaukar cutar nan. In kowa ya ci gaba da ɓoyewa, yaushe za su sani?"

"Su sani a kan ɗan wata. Ba a kan nawa ba."

Na ɗauki kwalin na jefa a 'yar jakata ta hannu. Ta miƙo hannu ta zare shi, ta ce tawa jakar ma buɗewa za a yi. Ta sa shi a kabad, ta murɗa makulli, ta ɗaure makullin a bakin zaninta.

Na fita na kira Baba a waya. Direban babbar mota ne, yana kan hanya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ki bi uwarki a hankali. Allah zai kiyaye." Ban taɓa shakkar kiyayewar Allah ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda muke ɗaukar wannan magana mu rufe bakin duk wanda ya tuna mana aikinmu. Magani yana kabad, makulli yana bakin zani, kuma an ce mini in yi shiru saboda Allah zai kiyaye.

Auta ya leƙo da takalmi ɗaya a hannu. "Yaya, da gaske jirgin yana kifewa da mutane kuma ba sa faɗowa?"

"Da gaske. Zo ka sha na safe."

Umma ta riga ta auna masa a kofi kafin ta kulle kwalin. Ya sha, ya yamutsa fuska, ya koma waƙarsa. Umma ta jera kwalaben a saman kaya, mai zaren a tsakiya, ta ja zif.

A mota yara uku suka cika baya da surutu, ni ina gefensu da jakar a kan cinya. Ba mu yi nisa ba namijin 'yan biyun ya ce ƙishi yake ji. Kafin in ankara ya ja zif, ya zaro kwalba, kuma mai zaren ce ta zo hannunsa. Har ya fara murɗa murfin.

Umma ta juyo ta fizge ta da ƙarfin da ya sa yaron ya zabura.

"Wannan ta Auta ce. Ya riga ya sa baki."

Maman 'Yan Biyu ta yi dariya. "Yau kuma rowa, Maman Auta? Waɗannan da ko alawa sai sun tsotsa sun miƙa wa juna?"

"Mura yake yi," in ji Umma. Ta ba yaron wata kwalbar, ta riƙe mai zaren a hannunta. Ta dube ni ta madubi, na kau da kai. Sai da muka hango babban lilon nan mai kama da tayar keke ya leƙo ta saman gidaje sannan ta mayar da kwalbar jaka.

Mijin maƙwabciyar ya sauke mu a bakin ƙofa ya wuce. Layi ne dogo tsakanin ƙarafa, rana ta fara zafi, kiɗa yana tashi daga ciki tare da ihun mutanen da ke kan jirgi. Auta ya kama hannun 'yan biyun, ɗaya a kowane gefe, suna ta tsalle. Da muka matso na ga teburan bincike. A gefen kowane tebur akwai wata ƙatuwar ganga shuɗiya, kuma cike take da kwalabe. Na ruwa, na lemo, wasu ko buɗe su ba a yi ba.

Na taɓa Umma. "Kin ga gangar can?"

Ta gani. Sai ta ƙara rungume jakar.

Maman 'Yan Biyu ce a gabanmu. Mai binciken, wani mutum mai furfura a gemu da safar roba a hannu, ya zaro kwalabenta ya jefa a gangar.

"Haba malam! Yanzu na saye su!"

"Doka ce, Mama. Ba a shiga da abin sha daga waje. Akwai na sayarwa a ciki."

"Ai dama! Don ku sayar mana da tsada." Ta ja tsaki, ta tattara kayanta, ta tsaya a gefen teburin tana jiranmu.

Umma ta ɗora jakar. Mutumin ya fito da hula, tawul, laima, ya duba ƙasa, ya mayar. Ya ɗauki kwalaben ɗaya bayan ɗaya yana jefawa. Da ya kai hannu kan mai zaren, Umma ta dafe ta.

"Wannan ka bar mini."

"Ba zai yiwu ba, Mama."

"Guda ɗaya ce. Ta yaro ce."

"Duk na yara ne waɗannan," ya nuna gangar.

"To bari ya shanye a nan." Ta fara kiciniyar buɗe murfin. "Auta, zo ka shanye."

"A'a, Umma," na ce. "Bai daɗe da shan na safe ba. Ba za a haɗa masa biyu ba."

"Na safe me?" in ji Maman 'Yan Biyu. "Lemon ma sai da lokaci?"

Mutanen baya suka fara gunaguni. Wani ya ɗaga murya ya ce a bar kwalba a wuce mana, rana tana dukan yara. Mai binciken ya sauke numfashi irin na wanda ya faɗi magana ɗaya sau da yawa tun safe.

"Mama, abu biyu kawai ba ma hanawa, abincin jarirai da magani. In ba ɗaya daga cikinsu ba ne, ki sake ta."

Umma ta dubi titi. Motar ta daɗe da tafiya, kuma maganin gaske yana kulle a kabad a can gida. Ta dubi Auta, wanda idonsa yake kan dokunan katako da ke zagayawa a bayan shinge. Sannan ta dube ni. Na san abin da take roƙo: in nemo mata wata dabara, in yi wata ƙarya mai kama da ta masu ilimi. Ba ni da ita, kuma ko ina da ita ba zan bayar ba. Zan iya faɗar gaskiyar da bakina, kalmar tana kan harshena. Amma na san in ni na faɗa, gobe za a ce bakin Likita ne ya jawo, a sayo sabon zare a ci gaba. Na bar mata maganar.

Hannunta ya ɗan saki kwalbar. Mutumin ya ɗaga ta ya nufi gangar da ita. A wannan ɗan lokacin na yi zaton za ta bari, mu shiga haka, ta wuni tana kallon fuskar yaron tana jiran abin da zai zo.

"Magani ne," in ji Umma.

Muryarta ta yi ƙasa har sai da ya ce, "Na'am?"

"Magani ne a ciki. Na ɗana ne."

"To ai da kin faɗa tun ɗazu." Ya dawo da kwalbar kan tebur. "Na wace cuta? Saboda in wani abu ya taso a ciki, ma'aikata su san abin yi."

Umma ba ta dubi kowa ba.

"Farfaɗiya."

Mutumin bai ko ɗaga gira ba. Ya jawo wata takarda mai ɗanko, rawaya, an rubuta MAGANI da manyan baƙaƙe, ya manna a jikin kwalbar, ya shafe ta da babban yatsa. Ya ce ɗakin jinya yana kusa da wurin da ruwa ke tsartuwa, kuma akwai firij in muna so a ajiye mana. Ya ce kada yaron ya shiga gidan duhu saboda fitilunsa masu walƙiya ne, jirgin sama-da-ƙasa ma a haƙura da shi, sauran duk zai iya hawa. Ya ce wani karon a zo da magani a kwalinsa. Sannan ya tura jakar gefe ya ce, "Na gaba."

Shi a wurinsa abin ya ƙare kenan.

Maman 'Yan Biyu ba ta motsa daga inda take ba. Sai da muka wuce shingen ta yi magana.

"Tun yaushe?"

"Tun yana ƙarami," in ji Umma.

"Kuma kullum yana ɗakina. Kwano ɗaya, kofi ɗaya."

"Ba a ɗauka, Mama," na ce. "Ko kaɗan. Ba ta yawu, ba ta..."

"Ke, ba da ke nake ba." Ta juya ga Umma. "Ɗazu a mota. Da ɗana ya kafa kai ya shanye fa? Kika ce mini mura. Da ya faɗi a ɗakina ina ni kaɗai da su fa, me zan yi? Me zan ce ya same shi? Ni kika mayar mahaukaciya, Maman Auta?"

Na zo da shirin faɗa da jahilci, kuma akwai shi a maganarta, na ji shi sarai a zancen kwano da kofi. Amma rabin maganar gaskiya ce, irin wadda ni ma na faɗa a kan gadon Umma da safe.

"Tsoro na ji," in ji Umma. Iyakar abin da ta ce kenan.

Maman 'Yan Biyu ta kira yaranta. Suka zo suna jan Auta. Ta sa hannu a hankali ta zare yatsunsu daga nasa, ba da faɗa ba, kamar mai raba zare da ya harɗe.

"Bari mu fara ta can," ta ce, tana kallon wani wuri sama da kanmu. "Ma haɗu."

Macen 'yan biyun ta waiwayo sau biyu kafin taron mutane ya haɗiye su.

"Yaya, ba za su jira mu ba?"

"Zo mu hau doki," na ce.

Ya hau doki. Ya hau ƙananan motoci masu karo da juna, ya yi dariya da na buge shi ta baya. Amma duk inda muka tsaya a layi wuyansa yana juyawa, yana duba kan kowane yaro mai tsawonsu. Umma tana binmu da jaka a ƙirji, ba ta hau komai ba, ba ta ci komai ba. Na so in ce mata ta yi daidai. Na kasa, saboda ina ganin abin da aka biya, kuma ba ni na biya ba.

Da rana ta take muka samu benci a ƙarƙashin wata bishiya, daura da babban lilon. Mutane suna ta wucewa a gabanmu. Umma ta buɗe jakar ta fito da kwalbar. Rawayar takardar tana ƙyalli. Na ga ta kai tafin hannu ta rufe rubutun, yadda jiki ya saba. Ta tsaya haka ɗan lokaci. Sannan ta janye hannun, ta girgiza kwalbar, ta miƙa masa.

"Shanye duka."

Ya shanye, ya goge baki da bayan hannu, ya juya kwalbar yana karanta takardar.

"Umma, saboda abin nan ne suka tafi?"

"Farfaɗiya sunansa," in ji ta. Karo na biyu kenan a rana ɗaya, kuma na ji ya fi na farko fita. "Ba laifinka ba ne. In akwai mai laifi, ni ce da ban gaya wa mamansu ba."

"Na san sunan ai. Ina jin likita yana faɗa." Ya miƙa mata kwalbar. "Na ɗauka ke ce ba kya son ji."

Umma ta karɓi kwalbar. Ta sa farce ta kwance jan zaren, ta naɗe shi a yatsa, ta kwance, ta sake naɗewa. Akwai kwandon shara a gefen bencin. Ta miƙa hannu ta sake shi a ciki.

"Likita," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ranar da za su koma makaranta za ki raka ni wurin malamarsu. Ke kin fi ni sanin yadda ake bayanin."

"Ke za ki faɗa, Umma. Ni zan tsaya kusa."

Ta gyaɗa kai.

Auta ya miƙe tsaye a kan bencin. Babban lilon yana juyawa a hankali, kuma a ɗaya daga cikin kujerun da suka kai can ƙoli akwai mace da yara biyu. Ya ɗaga hannu biyu yana kaɗawa, yana kiransu da iyakar muryarsa. Rana tana bayan lilon, ta cika mini ido, ban iya ganin ko wani ya ɗago masa hannu ba. Umma ta riƙe bayan rigarsa don kada ya zame, ta bar shi yana ta kira.